Rabe-raben Tsuntsayen Kama-ƙuda Masu Baƙi da Fari da Wuraren Zamansu

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa akwai tsuntsaye masu tafiya da dawowa bisa juyawar lokaci. Babban misali a nan shi ne shamuwa, wadda ganinta a kan rimi ko tsamiya kan sa manomi ya fara gyara fartanyarsa, domin ya san ruwa ya kusa sauka. To, ban da shamuwa da ire-irenta manya waɗanda ido ba ya kuskurensu, akwai wasu ƙananan tsuntsaye da ke zuwa ƙasashenmu a lokacin kaka, su yi wata biyar ko shida tare da mu, sa'annan su koma ba tare da mafi yawan jama'a sun lura da zuwansu ko tafiyarsu ba. Daga cikinsu akwai wani ɗan tsuntsu da tsawonsa bai wuce santimita 13 ba, nauyinsa kuwa kimanin giram 12 zuwa 13 ne, wato ƙwan kaza guda ya ninka shi nauyi wajen sau huɗu. Duk da wannan ƙanƙanta tasa, daga Turai yake tasowa, ya ƙetare hamadar Sahara, ya zo cin rani a Afirka ta Yamma.

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin wannan tsuntsu da 'yan'uwansa uku na kusa, ta fuskar yadda masana suka rarraba su da kuma wuraren da kowannensu yake zama. An zaɓi wannan ƙaramin rukuni ne saboda dalilai biyu. Na farko, yana cikin tsuntsayen da aka fi yi wa nazari mai zurfi a duniya, don haka abin da aka sani game da shi yana da yawa, kuma tabbatacce ne. Na biyu, matsalar da masana halittu suka fuskanta wajen rarraba shi ta yi kama ƙwarai da wadda masana harshe ke fuskanta wajen bambance harshe da karin harshe. Daɗin daɗawa, yin irin wannan bayani cikin Hausa wata hanya ce ta gwada ƙarfin harshen wajen ɗaukar ilimin kimiyya, abin da ake buƙata matuƙa idan ana son koyar da yara da harshen uwa.

2.0 Batun Suna da Kalmomin Fannu

Kafin a shiga bayani, ya kamata a daidaita kalmomin da za a yi amfani da su. A zancen yau da kullum, tsuntsun da ya fi samun tsayayyen suna shi ne wanda ke da wata hulɗa da mutum: ko ana cin sa kamar kurciya da hasbiya, ko yana ɓarna, ko ana ajiye shi don kukansa kamar kanari, ko kuma yana cikin tatsuniya da karin magana kamar hankaka da ungulu. Ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa-ƙasa kuwa, sau da yawa akan haɗe su a ce "ɗan tsuntsu" kurum. Saboda haka a wannan maƙala an kira waɗannan tsuntsaye da suna kama-ƙuda. An gina sunan ne bisa tsarin harɗaɗɗun sunaye na Hausa masu haɗa aikatau da karɓau, irin su hana-salla da dafa-duka. Ma'anarsa kuma ta dace da sunan da masana suka ba dangin da Latin, wato Muscicapidae, daga musca, ƙuda, da capere, kamawa. Sunan ya samo asali daga yadda tsuntsun ke neman abinci: yakan zauna a kan reshe yana dube-dube, in ya hangi ƙwaro yana shawagi sai ya zabura ya cafke shi a iska.

Dangane da matakan rarrabawa, an guje wa kalmar "jinsi", domin a nahawun Hausa ta riga ta zama sunan bambancin namiji da mace, kuma wannan bambanci zai taso sau da yawa a nan gaba. A maimakonta an ɗauki kalmomi huɗu kamar haka:

(a) Dangi: babban rukuni mai tattare da gidaje da yawa, misali Muscicapidae.
(b) Gida: rukunin ire-iren da suka fito daga kaka guda na kusa, misali Ficedula.
(c) Iri: tsuntsayen da ke aure da haihuwa a tsakaninsu, misali Ficedula hypoleuca.
(d) Reshe: wani sashe na iri guda da ya ɗan bambanta saboda wurin zama.

Tun daga shekarar 1758, lokacin da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya fitar da bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, kowane irin dabba yana da suna mai kalma biyu: ta farko sunan gida, ta biyu sunan iri. Wannan ya yi kama da yadda akan kira mutum da sunan gidansu a haɗa da nasa.

3.0 Matsayin Rukunin a Cikin Tsuntsaye

Dangin Muscicapidae yana da ire-ire fiye da 300 a nahiyoyin Afirka da Turai da Asiya. Wasu daga cikinsu mazauna ƙasarmu ne rani da damina, alal misali Melaenornis edolioides, wani baƙin kama-ƙuda da ake samu a dazuzzukan arewaci da tsakiyar Nijeriya. Gidan Ficedula kuwa, masanin tsuntsaye Bafaranshe Mathurin Jacques Brisson ne ya kafa sunansa a shekarar 1760. Kalmar ta Latin ce, kuma Rumawan dā suna kiran wani ɗan tsuntsu mai cin ɓaure da ita. Gidan yana da ire-ire sama da 30, mafi yawansu a Asiya. 

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi a nan. Masanan farko sun dogara ne ga sura da ɗabi'a wajen rarrabawa, saboda haka duk tsuntsu mai faffaɗan baki da ke cafke ƙwari a iska sai aka sa shi a rukuni guda. Da aka fara nazarin ƙwayoyin gado sai aka ga lamarin ba haka yake ba. Kama-ƙudan nan mai doguwar jela da ake gani a lambuna da kurmin bakin rafi a Nijeriya, wato Terpsiphone viridis, ɗan wani dangi ne daban mai suna Monarchidae, kuma ya fi kusanci da hankaka. Haka nan masu cafke ƙwari na nahiyar Amurka, dangin Tyrannidae, waɗanda suka haura iri 400, nesa suke ƙwarai da na wannan sashe na duniya. Har ma a cikin dangin Muscicapidae kansa, nazarce-nazarcen da aka buga a 2010 sun nuna cewa gidan Ficedula ya fi kusanci da wasu tsuntsaye masu kiwo a ƙasa fiye da yadda yake da gidan Muscicapa, wanda aka daɗe ana haɗa su tare. Ke nan sana'a ɗaya ce ta sa suka yi kama. Masanin harshe ya san irin wannan tarko: harsuna biyu kan yi kama saboda zaman tare ko saboda dace, alhali ba kaka ɗaya suka fito ba.

4.0 Ire-iren Huɗu da Wuraren Zamansu

Dukkan huɗun suna da kamanni na bai ɗaya. A lokacin aure namiji yana da baƙin baya da farin ƙirji, da farin tabo a goshi da wani a fiffike. Macen kuwa launin ƙasa gare ta a baya, ƙirjinta fari-fari. A kogon itace suke yin sheƙa, kuma suna saurin karɓar akwatin katako idan aka rataye musu. Macen kan yi ƙwai biyar zuwa bakwai masu launin shuɗi-shuɗi, ta kwanta a kansu kimanin mako biyu, 'ya'yan kuma su tashi bayan wasu makonni biyu ko ɗan fiye.

4.1 Mai Farin Ƙirji, Ficedula hypoleuca

Peter Simon Pallas ne ya fara siffanta shi a 1764. Kalmar hypoleuca daga harshen Girka take, ma'anarta "fari a ƙasa". Da za a bi ta kai tsaye da an ce "mai farin ciki", amma wannan furuci yana da wata ma'ana daban a Hausa, shi ya sa aka zaɓi "mai farin ƙirji". Abin da ya bambanta namijinsa shi ne ƙeyarsa baƙa ce gaba ɗaya, tabon goshinsa kuma ƙarami ne. Sai dai ba kowane namiji ne baƙi ƙirin ba. Wasu launin toka ne, wasu ma kusan launin mace. A 1936 Bajamushe Rudolf Drost ya tsara ma'auni mai mataki bakwai na auna duhun bayan namiji, kuma manazarta sun ci gaba da aiki da shi.

Wannan iri ne ya fi sauran faɗin ƙasa. Yana haihuwa a Ingila da Holan da Jamus da Norwe da Suwidin da Finlan, ya miƙa gabas cikin Rasha har yammacin Saberiya. Yana da wani reshe a tsaunukan Sifen mai suna iberiae, da wani a Saberiya. Wurin cin raninsa kuwa Afirka ta Yamma ce, daga Gini da Saliyo, ta kan Kwaddibuwa da Gana da Nijeriya, har Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Shi ne wanda aka ambata a gabatarwa.

4.2 Mai Farar Kwala, Ficedula albicollis

Coenraad Jacob Temminck na ƙasar Holan ya siffanta shi a 1815, kuma albicollis na nufin farin wuya. Namijin yana da farin zobe da ya kewaye wuyansa gaba ɗaya, kwatankwacin abin da ake gani a wuyan hankaka. Tabon goshinsa da na fiffikensa sun fi na mai farin ƙirji girma. Yana haihuwa a tsakiya da kudu maso gabashin Turai, daga gabashin Faransa da kudancin Jamus da Italiya, ta kan ƙasar Cek da Folan da Hungari, zuwa Yukren da yammacin Rasha. Akwai kuma wasu a tsibirai biyu na Suwidin a tekun Baltik, wato Gotland da Öland. Ya fi son tsofaffin dazuzzuka masu itatuwa masu faɗin ganye. Cin raninsa a kudu da layin ikwaita yake yi, a ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Malawi da Zimbabuwe da kudancin Kwango.

4.3 Mai Rabin Kwala, Ficedula semitorquata

Eugen von Homeyer ya ba shi suna a 1885. Farin wuyansa ya taso daga gefe da gefe amma bai haɗu a ƙeya ba, saboda haka kamanninsa tsaka-tsaki ne a tsakanin biyun da suka gabata. Yana kuma da ƙarin ɗan farin layi a saman fiffike. Wannan tsaka-tsakin kamanni ne ya sa aka daɗe ana lissafa shi a matsayin reshen mai farar kwala. Yana haihuwa a Bulgeriya da Girka da Turkiyya da tsaunukan Kaukasus zuwa arewacin Iran, yana cin rani a gabashin Afirka, a sassan Sudan ta Kudu da Yuganda da Kenya da Tanzaniya.

4.4 Ɗan Atlas, Ficedula speculigera

Charles Lucien Bonaparte, wanda ɗan ƙanen sarkin Faransa Napoleon ne, shi ya siffanta wannan a 1850. Kalmar speculigera na nufin mai ɗauke da madubi, ana nuni ga babban farin tabon fiffikensa. Goshinsa ma yana da babban farin tabo, jelarsa kuma kusan baƙa ce duka. Shi kaɗai ne cikin huɗun yake haihuwa a nahiyar Afirka, a dazuzzukan tsaunukan Atlas na Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Shi ma yana ƙetare Sahara ya yi rani a Afirka ta Yamma. Shekaru masu yawa ana ɗaukarsa reshen mai farin ƙirji, har zuwa 2001, lokacin da Glenn-Peter Sætre na ƙasar Norwe da abokan aikinsa suka nuna ta hanyar ƙwayoyin gado cewa tazarar da ke tsakaninsa da mai farin ƙirji ta kai a ba shi matsayin iri mai zaman kansa.

5.0 Iri Ne Ko Reshe?

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalin masana ita ce, da wane ma'auni za a ce waɗannan tsuntsaye ire-ire huɗu ne, ba rassan iri guda ba? Ma'aunin da ya fi shahara shi ne wanda Ernst Mayr ya bayyana a 1942: idan rukunoni biyu suna aure da juna suna samun 'ya'ya masu haihuwa, to iri ɗaya ne, idan akwai shinge da ke hana hakan, to ire-ire biyu ne. Bahaushe ya san wannan a aikace. Jaki da goɗiya kan haifi alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa, don haka jaki daban, doki daban. A fagen harshe, takwaran wannan ma'auni shi ne fahimtar juna. Bakano da Basakkwace suna fahimtar juna duk da bambancin furuci da na wasu kalmomi, shi ya sa Kananci da Sakkwatanci kare-karen harshe guda ne. Gwandara kuwa, ko da yake shi ne mafi kusanci da Hausa a cikin harsunan Cadi, ya yi nisan da ake lissafa shi harshe mai zaman kansa.

5.1 Asalin Rabuwa

Bayanan ƙwayoyin gado sun nuna cewa huɗun sun rabu ne cikin ƙasa da shekara miliyan biyu, wanda ɗan gajeren lokaci ne a tarihin halittu. A wannan tsakani ƙanƙara ta yi ta rufe arewacin Turai tana janyewa. Duk lokacin da ta rufe, dazuzzuka sai su maƙale a 'yan wurare masu ɗumi a kudu, tsuntsayen daji su bi su. Fassarar da masana suka fi karkata gare ta ita ce, kakannin mai farin ƙirji sun fake a yankin Sifen, na mai farar kwala a Italiya, na mai rabin kwala can gabas wajen Girka da Kaukasus, na ɗan Atlas kuma a arewacin Afirka. A wannan zaman kaɗaici kowane rukuni ya sauya launi da kuka. Da ƙanƙara ta janye ta ƙarshe, kimanin shekara 12,000 da suka wuce, sai dazuzzuka suka koma arewa, mai farin ƙirji da mai farar kwala suka sake haɗuwa.

5.2 Abin da ke Faruwa a Mahaɗa

Wuraren da biyun suka haɗu su ne tsakiyar Turai, musamman ƙasar Cek, da kuma tsibiran Gotland da Öland. A Öland mai farar kwala bai fara zama ba sai wajen 1960, saboda haka masana sun sami damar bin lamarin tun kusan farkonsa. Abin da aka gano ya kasu kamar haka.

Na farko, auren gauraye yana faruwa, amma 'yan ƙalilan ne cikin ɗari. 'Ya'yan da aka haifa ruwa-biyu kuwa, matansu ba sa haihuwa, mazan kuma haihuwarsu ta yi rauni ƙwarai. Wannan ya dace da ƙa'idar da J.B.S. Haldane ya kafa a 1922, cewa a cikin 'ya'ya ruwa-biyu, wanda ke ɗauke da kuromozom biyu mabambanta shi ya fi cutuwa. A wajen mutane namiji ne ke da mabambantan, amma a wajen tsuntsaye mace ce, tana da Z da W.

Na biyu, a 1997 Sætre da abokan aikinsa sun nuna cewa a tsakiyar Turai, inda biyun suka daɗe tare, mazan mai farin ƙirji sun koma launin ƙasa-ƙasa, kuma matansu irin waɗannan mazan suka fi zaɓa. A wuraren da babu mai farar kwala kuwa, baƙin namiji ya fi samun karɓuwa. Dalili a fili yake: macen da ta zaɓi namiji mai baƙi da fari a mahaɗa tana iya faɗawa hannun ɗan wani iri, ta yi asarar zuriya. Ke nan zaman tare ya ƙara nisanta kamanninsu.

Na uku, batun kuka ya bi wata hanya daban. Ɗan tsuntsu namiji yana koyon kukansa ne daga manyan da yake ji. A mahaɗa, da yawa daga mazan mai farin ƙirji kan ɗauko wasu sassa na kukan mai farar kwala su cusa cikin nasu, kuma irin waɗannan mazan sun fi jawo matan ɗaya irin. Masanin harshe zai ga kamannin wannan da aron kalmomi da surkin harshe a garuruwan kan iyaka.

Na huɗu, wani nazari da aka buga a 2007 ya nuna cewa zaɓin miji a wajen mace gado ne da take ɗauka daga mahaifinta ta kuromozom Z. Ko da an ɗauki ƙwai an sa a sheƙar ɗaya irin aka rene ta a can, idan ta girma namijin irin mahaifinta take nema. A nan kwatancen harshe da halitta ya tsaya, domin yaro harshen gidan da ya tashi yake ɗauka, ko da kuwa ba nan aka haife shi ba.

Na biyar, a 2012 Hans Ellegren na Jami'ar Uppsala da abokan aikinsa sun karanta ɗaukacin kundin gadon mai farar kwala suka kwatanta da na mai farin ƙirji. Sun tarar mafi yawan kundin kusan ɗaya ne, sai wasu wurare kimanin 50 da bambanci ya yi tsanani. Wato shingen da ke tsakanin ire-iren biyu bai game ko'ina ba, a 'yan wurare ya taru.

Idan aka haɗa waɗannan duka, za a ga hujjar ɗaukar su ire-ire mabambanta tana da ƙarfi, ko da yake shingen bai gama rufewa ba. Har yanzu kuma akwai saɓani game da reshen iberiae na Sifen, wanda a ido ya fi kama da ɗan Atlas.

6.0 Tafiyar Ci-rani

Mai farin ƙirji yana barin wurin haihuwarsa a watan Agusta zuwa Satumba. Abin lura shi ne ba ya yanko hanya kai tsaye zuwa kudu. Har waɗanda suka taso daga Rasha da Saberiya kan nufi yamma tukuna, su taru a Fotugal da Sifen, su yi kwanaki suna cin ƙwari da 'ya'yan itatuwa har su tara kitse. Wannan kitse shi ne guzurinsu na ƙetare teku da hamada mai faɗin kusan kilomita 2,000. A dā an ɗauka cewa ƙananan tsuntsaye da dare kawai suke tafiya, da rana su sauka su nemi inuwa. A 2016 Janne Ouwehand da Christiaan Both na Jami'ar Groningen ta Holan sun buga sakamakon binciken da suka yi da wata 'yar na'ura mai nauyin kimanin rabin giram, wadda ake ɗaura wa tsuntsu a baya tana auna hasken rana. Sun gano cewa mai farin ƙirji kan yi awa 40 zuwa 60 a sama ba tare da sauka ba lokacin ƙetare Sahara.

Yana isowa Afirka ta Yamma a watan Satumba da Oktoba, ya zauna a daji mai itatuwa jefi-jefi, da bakin kurmi, da gonaki masu manyan itatuwa. Binciken da Volker Salewski ya yi a gandun dajin Comoé na Kwaddibuwa a shekarun 1990 ya nuna cewa kowane tsuntsu kan kama ɗan yankinsa ya tsare shi, kuma wasu kan dawo wannan wuri daidai a shekara mai zuwa. A Nijeriya ana samun sa a yankunan tsakiya, ciki har da tsaunukan Jos, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, take sanya wa tsuntsaye zobe a dajin Amurum domin bin sawunsu.

Akwai dalilin da ya sa mai dubawa a nan ba zai ga baƙi da farin da aka siffanta a sama ba. Bayan haihuwa namiji kan zubar da gashinsa ya sake mai launin ƙasa irin na mace, kuma da wannan tufa yake zuwa mana. Sai wajen Fabrairu da Maris, dab da komawa, yake sake yin baƙi da fari. Saboda haka a mafi yawan zamansu a Afirka ire-iren huɗu suna da wuyar bambancewa, kuma wannan ne ya jinkirta tantance wurin cin ranin kowanne har sai da aka sami zobe da na'ura.

7.0 Matsalar Sauyin Yanayi da Saran Itatuwa

Tsuntsun da rayuwarsa ta rabu tsakanin nahiyoyi biyu yana fuskantar haɗari a kowane ɓangare. A Turai, 'ya'yansa sun dogara ne ga tsutsotsin ganye, waɗanda ke yawaita na 'yan makonni kawai bayan itatuwa sun yi toho. Da yanayi ya ƙara ɗumi, sai tohon da tsutsotsin suka riƙa fitowa da wuri. Shi kuwa tsuntsun da ke zaune a Gana ko Nijeriya ba shi da hanyar sanin abin da ke gudana a Holan, tsawon yini da agogon jikinsa ne ke gaya masa lokacin tashi. A 2006 Both da abokan aikinsa sun nuna cewa a dazuzzukan Holan da tsutsotsin suka fi saurin fitowa, yawan mai farin ƙirji ya ragu da kimanin kashi 90 cikin ɗari a cikin shekara ashirin, alhali inda tsutsotsin ke makara raguwar kaɗan ce.

A ɓangarenmu kuwa, abin da tsuntsun ke buƙata shi ne itatuwa. Kitsen da zai ƙetare hamada da shi a watan Maris da Afrilu a dazuzzukanmu yake tara shi, a daidai lokacin da rani ya tsananta. Yawan saran itatuwa domin itacen girki da gawayi da faɗaɗa gonaki yana rage masa wurin kiwo. Tsohuwar al'adar manomanmu ta barin ɗorawa da kaɗanya da sauran manyan itatuwa a tsakiyar gona tana da amfani ga irin waɗannan tsuntsaye, su kuma suna rage ƙwarin da ke cikin gonar.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi bayanin ire-ire huɗu na gidan Ficedula, an nuna kamannin kowanne da wurin haihuwarsa da wurin cin raninsa. An ga cewa biyu daga cikinsu sun daɗe a matsayin rassa kafin a ɗaga su zuwa matsayin iri, kuma abin da ya kawo sauyin shi ne samun sababbin hanyoyin bincike. An kuma ga cewa iyakar da ke tsakanin iri da reshe, kamar wadda ke tsakanin harshe da karin harshe, mataki-mataki take ginuwa, kuma akwai lokacin da rabuwa ta yi nisa amma ba ta kammala ba.

Sunayen da aka yi amfani da su a nan, wato kama-ƙuda da mai farin ƙirji da mai farar kwala da mai rabin kwala da ɗan Atlas, da kuma dangi da gida da iri da reshe, shawara ce ake gabatarwa ga malamai da masu tsara kalmomin fannu domin su duba. Aikin da ya fi gaggawa shi ne a shiga ƙauyuka a tattara sunayen tsuntsaye daga bakin mafarauta da makiyaya da masunta da tsofaffin manoma, cikin Hausa da sauran harsunan Nijeriya, tare da masanin tsuntsaye a gefe wanda zai tabbatar da irin da ake nufi da kowane suna. Duk inda aka sami sunan gargajiya tabbatacce, shi ya fi cancanta a ɗauka a bar ƙirƙirarre. Irin wannan aiki sai sassan harsuna da na kimiyyar halittu na jami'o'inmu sun haɗa hannu, kuma ya kamata a fara shi tun masu riƙe da wannan ilimi suna raye.